An Kashe Jijiyar Haƙori, An Sa Masa Hula, Amma Ciwo Ya Ƙi Tafiya: Ina Matsalar Take?



Wata huɗu cur na yi ina tauna da gefe guda. Turmin haƙorina na sama ta hannun dama ne ya yi kogo, har ya kai ga hana ni barci, sai na tafi wani asibitin kuɗi a nan Legas. Likita ya duba, ya ce haƙorin bai kai na cirewa ba, za a iya ceto shi. Za a yi masa aikin da suke kira rut kanal, wato a cire jijiyar cikinsa a cike gurbin, daga baya a kifa masa hula, wadda su suke ce wa kirawun. Kamar dai haƙorin Makka da alhazai ke sakawa, sai dai wannan fara ce, launin haƙori. Na yi zuwa uku, na biya kuɗi masu ciwo, aka gama. Na ce alhamdu lillahi, na huta.

Ashe da saura. Duk sanda na haɗa haƙorana sai in ji kamar na taka ƙusa. Bayan mako biyu kuma muƙamuƙina ya ɗauka, daga gaban kunne har zuwa gefen kai. Ba a rabu da Bukar ba, an haifi Habu.

Da na faɗa a majalisa, kowa ya zama likita. Wani ya ce tsutsa ce ba ta mutu ba. Wani ya ce an cinye maka kuɗi ne kawai. Wani ya ce ka daure sai ka je gida da Sallah a duba ka a can. Mafi yawa kuwa bakinsu ɗaya: "Malam, je ka a fizge shi ka huta." Saura kaɗan in bi wannan shawara. Abin da na koya a wannan wahala shi nake so in raba da ku: ciwon da ya ƙi tafiya bayan irin wannan aiki yana da tushe kala-kala, wasu ma ba a cikin haƙorin suke ba. Wanda ya cire haƙori kafin a gano tushen, yana iya rasa haƙori da kuɗi, ciwo kuma yana nan daram.

Ta yaya haƙorin da aka kashe zai yi ciwo?

Wannan ce tambayar da ta fara ɗaure mini kai. Ga yadda abin yake. Haƙori yana da ɓawo mai tauri a waje, a tsakiyarsa kuma akwai ɗan ɗaki mai ɗauke da tsoka mai laushi, jijiyoyin ji da na jini. Daga wannan ɗaki wasu siraran hanyoyi suke gangarawa cikin saiwar haƙori har zuwa ƙarshenta a cikin ƙashi. Idan kogo ya ci ya kai ɗakin nan, ƙwayoyin cuta sun shiga ke nan. Abin da likita yake yi shi ne ya huda ta sama, ya kwashe tsokar, ya bi kowace hanya da wasu ƙananan allurai masu kaifi yana kankarewa, ya wanke da ruwan magani, sannan ya toshe da wani abu mai kama da roba.

To, jijiyar ciki kawai aka cire. Saiwar haƙori ba a manne take da ƙashi kamar siminti ba. Akwai wani siririn zare-zare na nama da ya kewaye ta, shi yake riƙe da ita, kuma cike yake da jijiyoyi masu rai. Su ne suke sanar da kai ka tauna tsakuwa a cikin shinkafa. Don haka haƙorin da aka yi wa aiki ba zai ji sanyi ko zafi ba, amma zai ji dannawa, kuma idan akwai kumburi a gindinsa za ka ji a jikinka.

Ciwon da ba abin tsoro ba ne

A kwanakin farko bayan aikin, ɗan tsami da jin zafi wajen tauna abu ne da aka saba gani. An taɓa gindin saiwa, an yi allura, baki ya daɗe a buɗe. Irin wannan yakan yi kwana biyu zuwa uku da ƙarfi, sannan ya riƙa raguwa, cikin mako ɗaya ko biyu ya tafi. Ma'aunin shi ne: yau ya fi jiya sauƙi? In dai raguwa yake yi, ka yi haƙuri. In kuwa yana nan yadda yake bayan mako biyu, ko yana ƙaruwa, ko ya tafi ya dawo, to lokacin komawa ya yi.

Kuma ba kai kaɗai ba ne. A shekarar 2010 wasu masana a Amurka sun tattara bincike-binciken da aka yi a kan wannan batu, suka gano cewa kusan mutum 5 cikin 100 suna ci gaba da jin ciwo wata shida ko fiye bayan aikin. Abin da ya fi jan hankalina, kusan rabin waɗannan ciwon nasu ba daga haƙorin yake fitowa ba.

Matsalolin da ke jikin haƙorin

Na farko, kuma mafi sauƙin gyara, hula ta yi tudu. Idan hular ta ɗara sauran haƙora ko da kaurin takarda ne, ita za ta riƙa fara karo da na ƙasa duk sanda ka rufe baki. Nauyin da ya kamata haƙora da yawa su raba sai ya koma kan guda ɗaya, zaren nan da ke riƙe da saiwa ya kumbura. Ranar da aka sa hula ba kowa ke ganewa ba, musamman in baki yana mace da allura. Alamarsa ita ce ka ji haƙorin nan ne yake fara taɓawa. Likita zai ba ka wata 'yar takarda mai launi ka ciza, inda ta yi shaida ya goge da inji. Aikin minti kaɗan ne, ko allura ba ya bukata.

Na biyu, hanyar da aka tsallake. Haƙoran gaba galibi hanya ɗaya gare su, amma turame ba haka ba. Turmin sama na farko saiwa uku gare shi, amma a mafi yawan mutane hanyoyinsa huɗu ne, domin saiwar gaba ta ɓangaren kunci tana ɗauke da biyu. Ta huɗun nan siririya ce kamar gashi, bakinta kuma a ɓoye yake. Idan ba a gan ta ba, ruɓaɓɓiyar tsoka da ƙwayoyin cuta suna nan a ciki, suna tsiyaya zuwa ƙashi. Haka nan idan hanya ta lanƙwashe ba a kai ƙarshenta ba, ko ƙaramar allurar aiki ta karye a ciki ta toshe hanya. Alamun su ne ciwo mai nauyi can ƙasa, zafi idan an ƙwanƙwasa haƙorin, wani lokaci da ɗan ƙurji a dasashi mai fitar da mugunya, ya fashe ya sake dawowa.

Na uku, tsaga. Haƙorin da ya yi babban kogo aka kuma huda shi ba shi da ƙarfin da, shi ya sa ake sa wa turame hula. Mu kuwa ga goro, ga ƙashin kaza, ga aya, ga rake, ga gasasshiyar masara. Tsagar tana iya kasancewa tun kafin aikin, ko ta faru a tsakanin gama aikin da sa hula. Takan ba da zafi mai kaifi lokacin cizo, ko daidai sanda ka saki cizon. Wahalarta ita ce sau da yawa ba ta fitowa a hoto. Idan kuma ta gangara tsawon saiwa, gaskiya mai ɗaci ita ce galibi sai dai cirewa.

Na huɗu, yoyo. Da yawanmu kan biya kuɗin kashe jijiya, sai a ce hula kuma sai kuɗi sun samu. Cikon wucin gadi da aka sa ba a yi shi don ya yi watanni ba. Idan ya fara zaizayewa, miyau da ƙwayoyin cuta sun sami ƙofa. Haka idan bakin hula bai zauna daidai a kan haƙori ba.

Na biyar, dasashi da maƙwabci. Idan an bar 'yar tazara tsakanin hula da haƙorin kusa, naman tsire da zaren kilishi za su riƙa cusuwa, dasashi ya kumbura yana jini. Ragowar simintin da aka manna hular da shi ma yana iya maƙalewa a ƙarƙashin dasashi. Sannan ga wata dabara: in ka sha fiyawata mai sanyi ka ji tsir har ƙwaƙwalwa, to da wuya a ce wanda aka kashe ne. Ko dai na kusa da shi ne ke da kogo, ko akwai sauran jijiya mai rai da aka bari. Jijiyoyin haƙora uwa ɗaya suke haɗuwa, shi ya sa mutum zai rantse na sama ne ke ciwo alhali na ƙasa ne.

To shi muƙamuƙi fa?

Ka sa yatsa a gaban kunnenka ka buɗe baki, za ka ji wani abu yana motsi. Nan ce gaɓar muƙamuƙi. Tsokokin da ke ja ta suna kunci da gefen kai. Aikin rut kanal yakan sa mutum ya hangame baki awa guda ko fiye, kuma ba sau ɗaya ba. Tsoka ta gaji. Idan haƙorin ƙasa ne, allurar da ake yi can lungun baki ma takan bar tsoka a sage na wasu kwanaki. Daga nan sai ka koma tauna da gefe guda don gudun ciwo, ga hula mai tudu ta sa muƙamuƙi yana neman wata sabuwar mazauna. Ƙari a kan haka, wasunmu suna datse haƙora ba su sani ba, a cikin barci, ko a gosulo, ko wajen ɗaukar kaya mai nauyi, ko in tunanin gida ya yi yawa.

Alamun ciwon tsoka su ne ka tashi da safe kunci a gajiye, ciwon gefen kai, ciwo kamar na kunne alhali kunne lafiya lau, ƙas-ƙas idan ka buɗe baki, ko bakin ya ƙi buɗewa sosai. Mai lafiya yakan iya jera yatsu uku a tsaye tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa. Abin mamakin shi ne tsokar kunci tana iya aika ciwo cikin turame, mutum ya ɗauka haƙori ne. In ka danna tsokar ka ji ciwon nan da ka sani ya taso, ka gaya wa likita.

Maganinsa yawanci ba na wuƙa ba ne. Gashi da tsumma mai ɗumi, abinci mai laushi na ɗan lokaci irin su kunu, fate da tuwo mai taushi, ajiye goro da cingam, tare hamma da hannu kada baki ya wage. Ka kuma riƙa lura da kanka: idan ba ci kake ba, leɓe a rufe amma haƙora kada su haɗu. Mai cizon haƙora da dare likita kan yi masa wata roba da zai riƙa sawa in zai kwanta.

Ciwon da ba na haƙori ba

A cikin ƙashin kunci, gefen hanci, akwai wani kogon iska. Saiwoyin turamen sama suna dab da ƙasansa. Idan mura ta yi tsanani kogon ya kumbura, sai haƙoran sama biyu ko uku su ɗauki ciwo tare. Za ka gane shi da toshewar hanci, da nauyin fuska da ke ƙaruwa idan ka yi ruku'u ko sujada.

Akwai kuma ciwon jijiya ita kanta. A wasu mutane kaɗan, jijiyar da aka yanke takan ci gaba da aika saƙon ciwo ko da wuri ya warke. Irin wannan yakan zo da raɗaɗi ko zugi kullum, hoto kuma ba ya nuna komai. Wani nau'in kuma kamar jan lantarki yake, na 'yan daƙiƙu, wanke fuska wajen alwala ko iska ma tana tayar da shi. A nan ne cire haƙori ya fi zama asara. Akwai wani bawan Allah da muke sallah tare, haƙori uku aka cire masa ɗaya bayan ɗaya, duk wanda aka cire sai ciwon ya matsa na gaba. Sai daga baya aka gane jijiya ce, aka ɗora shi a kan maganinta. Irin waɗannan magunguna likita ne kaɗai ke rubuta su, yana kuma bibiyar mai sha.

Na ƙarshe, kuma kada a yi wasa da shi: zuciya. Ciwon muƙamuƙin ƙasa da ke tasowa idan ka hau gadar sama ko ka yi sauri, tare da nauyin ƙirji, gumi, haki ko ciwon hannu, wannan ba na likitan haƙori ba ne. Sashen gaggawa za ka nufa a take, musamman mai hawan jini ko ciwon suga.

Kurakuran da muke yi

Babba a cikinsu shi ne zama a kan maganin kemis. Ni kaina sau biyu na sayi kafso irin su amoksilin na shanye. Ciwo ya lafa kwana kaɗan ya dawo. Dalili kuwa a fili yake: magani ta jini yake tafiya, hanyar haƙorin da ta mutu kuma jini ba ya shiga cikinta. Kafso zai rage kumburin da ke kewaye, amma gidan ƙwayoyin cutar yana nan sai an buɗe an wanke. Yawan shansa barkatai kuma yana sa ya daina yi maka aiki ranar da kake tsananin bukatarsa.

Maganin rage zafi ma yana da iyaka. Farasitamol mai lamba 500, babba kada ya wuce ƙwaya 8 a kwana guda, fiye da haka yana taɓa hanta. Ibuprofen da diclofenac suna aiki a kan ciwon haƙori, amma mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su nisance su sai da izinin likita, kuma ba abin sha na makonni ba ne. Tiramol kuwa, mun ga yadda ya yi da matasanmu, ba sai na faɗa ba. Kada kuma a danna asfirin ko wani ruwa mai kaifi a jikin dasashi, ƙona naman yake yi. Kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri ba laifi, amma ba ya kaiwa gindin saiwa.

Kuskure na gaba shi ne kunya da fushi. Mako shida na yi ban koma ba, wai kada a ce na cika ƙorafi, ga kuma haushin kuɗina. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Komawa wurin wanda ya yi aikin haƙƙinka ne, kuma shi ya fi kowa sanin abin da ya gani a ciki. In bai gamsar da kai ba, ka nemi hotunanka da bayanin aikin a rubuce, ka tafi wani wurin.

Abin da za ka je da shi

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Rabin gano matsalar daga bakinka yake fitowa, don haka "yana mini ciwo" kawai ba ta wadatar ba. Kafin ka je, ka tanadi amsar waɗannan: Yaushe ya fara, kafin a sa hula ko bayan an sa? Wane iri ne, suka, zugi, raɗaɗi ko jan lantarki? Me ke tayar da shi, cizo, sanyi, zafi, sunkuyawa ko haka kawai? Da safe ya fi ko da dare? Za ka iya nuna wurin da yatsa ɗaya, ko sai da tafin hannu? Wane magani ka sha? Kana da suga ko hawan jini? In Turanci ko Yarabanci zai ba ka wahala, ka tafi da wanda zai fassara, kada ka riƙa gyaɗa kai a kan abin da ba ka gane ba. Mata musamman, a daure a raka su.

Likita nagari zai ƙwanƙwasa haƙoran wurin ɗaya-ɗaya, ya gwada sanyi, ya duba cizo da takarda, ya auna dasashi, ya taɓa tsokar kunci, ya ɗauki sabon hoto. Hoton da aka saba shafi ɗaya yake nunawa, saiwa kan ɓoye bayan saiwa. Akwai wani mai suna CBCT da ke nuna haƙori ta kowace fuska, ana samunsa a wasu manyan wurare. Idan aka gano matsalar a cikin saiwa take, zaɓi uku ne: a sake buɗewa a wanke a cike, ko a yi ƙaramar tiyata ta dasashi a yanke ƙarshen saiwar, ko a cire. Cirewa ita ce ta ƙarshe, domin giɓi ma yana da nasa kuɗin: na kusa su karkato, na sama ko na ƙasa ya zazzago.

Asibitocin koyarwa suna da sashen haƙori da ƙwararru a wannan fanni. A Legas akwai LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja. A Ibadan akwai UCH, ba nisa da Sabo. Akwai kuma na Ile-Ife, Benin, Inugu da Fatakwal. Layi akwai tsawo, sai an yi sammako an yanki kati. In asibitin kuɗi za ka, ka tabbatar cikakken likitan haƙori ne mai rajista da hukumar MDCN. Ba duk mai farar riga da kujera ba ne aka horar a kan wannan aiki.

Alamun da ba a kwana da su

Kumburin fuska da ke yaɗuwa zuwa ido ko ƙarƙashin haɓa da wuya, zazzaɓi, wahalar haɗiye miyau, harshe ya tashi sama, baki ya ƙi buɗewa, ko numfashi ya fara wuya. Wannan mugunya ce take bin nama, kuma tana iya toshe maƙogwaro. Ba a jiran gari ya waye, ba a jiran kuɗi su cika, ba a hawa motar Arewa da ita. Asibiti mafi kusa, ko ƙarfe nawa ne.

Yadda nawa ya ƙare

Da na koma, likita ya sa ni cizon takarda, ya goge tudun hular. Cikin kwana uku zafin cizo ya ragu sosai, muƙamuƙi ma ya fara saki da gashi da ajiye goro. Amma nauyin nan na can ƙasa bai tafi ba, har ɗan ƙurji ya fito a dasashi. Aka tura ni wurin ƙwararre, ya ɗauki hoto, sai ga hanya ta huɗu ba a taɓa ta ba. Ta saman hular ya huda, ya wanke, ya cike, ya toshe ramin. Ya ce ƙashin da ya zaizaye a gindin saiwa zai ɗauki watanni kafin ya cike, in riƙa zuwa ana dubawa. Yau haƙorin yana bakina, da shi nake cin abinci.

Matsala uku ce ta haɗu mini a wuri guda, kowacce da nata maganin. Naka yana iya zama daban, ni ma ba likita ba ne, mai jinya ne da ya yi tambaya. Abin da nake roƙo kawai, kafin ka ce a fizge, ka tambayi likita: "Me ka gani da ya nuna daga wannan haƙorin ciwon yake?" In ya nuna maka, to bismillah. In bai nuna ba, ka nemi a ƙara dubawa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.